Ina Tanko, Ina Kande?

Duk wanda ya saba sauraron sanarwa a gidajen rediyon Kano ko Katsina ko Maraɗi zai iya kintatar shekarun mutum daga sunansa kawai. Idan sanarwar rasuwa ce, sunayen da ke fitowa su ne Malam Tanko, Hajiya Kande, Alhaji Garba, Baba Ɗanlami, Iya Delu. Idan kuwa gayyatar suna ce ko walimar saukar Alƙur'ani, sai ka ji Afnan, Ammar, Hanan, Farhan, Ilham. Waɗancan da waɗannan kakanni ne da jikoki, gida ɗaya, jini ɗaya, amma sai ka ce ba al'umma ɗaya ce ta raɗa su ba. Wasu sunaye suna bin masu su zuwa kushewa, kuma babu wanda ke mayar da su ga jarirai.

Bahaushen da muka taso muka tarar ba ya rayuwa da suna ɗaya. Ranar bakwai da haihuwa ana taruwa da sassafe a ƙofar gida, a raba goro, uba ya raɗa wa liman suna a kunne, a yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da mutanen cikin gida. Wannan shi ne sunan yanka, kuma kusan kullum na annabi ne ko sahabi ko wata daga cikin iyalan gidan Manzon Allah. Amma kafin wanzami ya gama aski, mata sun riga sun yi nasu aikin a tsakar gida. Kaka ko goggo ko ungozoma ta riga ta laƙaba wa jaririn wani suna, kuma sau da yawa wannan laƙabin ne zai bi shi har tsufa. Akwai mutanen da sai ranar ɗaurin aurensu, da waliyyi ya buɗe baki, abokansu suke fara jin sunansu na yanka.

Laƙabin nan ba a ɗauko shi haka kawai. Labari yake ɗauke da shi. A zamanin da babu takardar haihuwa, sunan mutum shi ne takardarsa. Ladi da Ɗanladi ranar Lahadi aka haife su, Altine ranar Litinin, Talatu ranar Talata, Balarabe da Laraba ranar Laraba, Lami da Ɗanlami ranar Alhamis, Jummai da Ɗanjuma ranar Juma'a, Asabe ranar Asabar. Azumi da Ɗan'azumi sun zo cikin watan Ramadan, Sallau da Tasalla ranar salla, Anaruwa ana tsaka da ruwan sama, Nomau lokacin da kowa ke gona. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza. Gambo ya biyo tagwaye. Shekarau ya daɗe a ciki har aka fara damuwa. Mairiga ya fito lulluɓe, Cindo ya zo da yatsa na shida, Auta shi ya rufe ƙofa. Talle kuwa, da ka ji sunan ka san an yi kuka a gidan, domin maraici ya same shi tun yana jariri. Baƙo zai shigo gari, ya faɗi sunansa, kafin ya sha ruwan da aka kawo masa mutanen zaure sun san wani abu game da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa da ranar da ya zo duniya.

Kuma ba sunayen talakawa ne kaɗai ba, kamar yadda wasu ke zato yau. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri saboda gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, sunanta na yanka Hajaratu. Gambo ta samu don ta biyo tagwaye, kuma da wannan sunan ake kiran babban asibitin da ke Ƙofar Gayan. Abdulƙadir Balarabe Musa ya mulki tsohuwar jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, duniya kuma da Balarabe ta san shi. Sunan Shekarau yana cikin jerin sarakunan Kano na dauri, ya kuma sake fitowa a gidan gwamnatin Kano daga 2003 zuwa 2011. Bawa Jangwarzo sarkin Gobir ne da ake jin tsoronsa. Babu wanda ya taɓa ganin waɗannan sunaye sun rage wa masu su kwarjini.

Akwai rukuni guda da ba na baƙin cikin raguwarsa, wato sunayen 'ya'yan wabi. Macen da take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, idan ta sake samu sai a kira shi Ajuji, ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, wai don mutuwa ta kau da kai. Wasu kuma roƙo ne tsantsa: Abarshi, Abarta, Barmani. Shahararriyar mawaƙiyar amada Hajiya Sa'adatu, wadda ta rasu a 2013, da Barmani Choge kowa ya san ta. Duk inda ka ji irin wannan suna, ka san akwai ƙananan kaburbura a bayansa da uwar da ta gaji da kuka. Idan rigakafi da awon ciki da fahimtar addini sun sa an daina kiran yaro Ajuji, to alhamdu lillahi. Amma ko a nan ina ganin hikimar mutanen da: ba su ɓoye baƙin cikinsu ba, sun saka shi cikin suna don yaron ya girma ya san irin tsadar da yake da ita a wurin uwarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da bakin Bahaushe ya yi wa sunayen Larabci. Musulunci ya daɗe a ƙasar nan, tun kafin zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma sunayen da ya zo da su ba su zauna a matsayin baƙi ba. An tausasa su, an lanƙwasa su, har suka zama 'yan gida. Abubakar ya zama Habu da Garba da Buba, a Borno kuma Bukar. Muhammadu ya zama Mamman, Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim ya zama Iro, Idris ya zama Idi, Sulaiman ya zama Sule, Adamu ya zama Ado, Zakariya'u ya zama Ya'u, Salihu ya zama Sale. A ɓangaren mata abin ya fi armashi. A'ishatu ta zama Indo da A'i da Shatu, Fatima ta zama Binta da Fati, Hauwa'u ta zama Kulu, Khadija ta zama Dije da Hadiza, Maryamu ta zama Mairo, Zainabu ta zama Abu, Hajara ta zama Hajo, Hafsatu ta zama Hansai. Wasu sunayen kuma suna tafiya da abokin rakiyarsu wanda kowa ya sani: Umaru da Sanda, Yusufu da Maitama, Aliyu da Gadanga. Marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana wakiltar Najeriya da sunaye biyu na irin wannan ƙira a jere. Sarki Ado Bayero ya shekara fiye da hamsin a kan gadon sarautar Kano, daga 1963 zuwa 2014, da suna mai harafi uku.

Wasu suna ɗaukar wannan lanƙwasawa a matsayin jahilci, wai mutanen da ba su iya furta Larabci ba ne. Ban yarda ba. Malaman zaure da suka haddace Alƙur'ani suka karanta nahawu su ne suke kiran 'ya'yansu Garba da Indo, kuma sun san sarai yadda ake furta Abubakar da A'isha. Abin da suke yi ƙauna ce da sabo. Mutum ba ya gajarta sunan wanda ba ya so. Kuma abin yana da asali a sunna: ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira Nana A'isha da gajeren suna, ya kira hadiminsa Anas da Unais, ya yi wa Sayyidina Ali laƙabi da Abu Turab, har ya zama laƙabin da Ali ya fi so. Abin da Alƙur'ani ya hana a Suratul Hujurat shi ne jifan juna da laƙabin ɓatanci. Tsakanin wannan da uwa ta ce wa 'yarta Kulu akwai nisa.

Sai kuma alkunya, wadda ita ce uwar rabin laƙubban Hausa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce Malam ko Maigida ko Alhaji, kuma idan ɗan maƙwabta yana da irin sunan sai ta ce mai sunan Malam. Suruka ba ta ambaton sunan uban miji ko uwar miji. To ga shi kuma al'ada ta ce a mayar wa jariri sunan kakansa. Yaya za a yi uwa ta tsawata wa yaro da sunan surukinta? Daga nan aka samu Abba da Baba da Babangida, aka samu Umma da Inna da Uwani da Iya. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda kunyar ɗan fari take da ƙarfi a wancan zamani. Girmamawar ta wuce gida ta kai ga malamai: bayan jihadi, duk Usman ya zama Shehu saboda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya sa shugaban ƙasa na jamhuriya ta biyu yake Shehu Usman Aliyu Shagari. Asma'u ta zama Nana, Abdulƙadir ya zama Jelani a gidajen Ƙadiriyya, Ahmadu ya zama Tijjani a gidajen Tijjaniyya.

Gidan da ke son Muhammadu har ya sa wa duk 'ya'yansa maza kuwa, sai ya ƙirga su da Larabci: Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru.

Sunayen nan sun yi tafiya tare da fatake da almajirai da sojoji. Janar Theophilus Ɗanjuma Bajukune ne kuma Kirista. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, 'yar ƙasar Gwari ce. A arewacin Gana za ka tarar da mata masu suna Lariba da Lamisi da Asibi a cikin ƙabilun da Hausa ba harshensu na gida ba ne. Har yau a kudancin Kaduna da Filato da Bauci ana raɗa wa yara Ɗanladi da Talatu da Asabe ba tare da jin nauyi ba. Maƙwabta sun riƙe abin da suka ara, masu shi suna sakinsa.

Canjin bai zo rana ɗaya ba. Makarantar boko ce ta fara taɓa tsarin. Tun daga makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, rajista tana neman suna biyu. Aji ya cika da Muhammadu da Abubakar, yaro kuma yana jin nauyin a riƙa kiran sunan mahaifinsa a bainar jama'a, sai aka koma ga sunan gari. Ta haka aka samu Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Isa Kaita, Yahaya Gusau, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi kansa Sardauna an san shi da Ahmadu Raɓa kafin ya zama Ahmadu Bello. Wannan dabara ce mai kyau, ta kare alkunya ta kuma gamsar da rajista. Da shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya zo a 1976, yara suka cika makarantu, sai sunan uba ya zama shi ne ƙa'ida, yaro ɗan shekara shida ya saba da jin ana kiran sunan babansa kowace safiya yana amsawa.

Sai guguwa ta biyu, ta ilimin addini. Makarantun Islamiyya suka yawaita, jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji, ɗalibai suka dawo daga Madina da Alƙahira da Khartum, ƙungiyoyin wa'azi irin su Izala da aka kafa a Jos a 1978 suka ƙarfafa komawa ga nassi. Mutane suka fara son a furta suna yadda yake a littafi. Mamman ya koma Muhammad, Dije ta koma Khadija, Isuhu ya koma Yusuf. A cikin wannan akwai alheri, domin an tuna wa iyaye cewa suna mai kyau haƙƙin ɗa ne, an kuma daina wasu sunaye masu alaƙa da camfi. Abin lura shi ne a Nijar rubutun Faransanci ya daskarar da tsohuwar ƙirar a takardun hukuma: shugaban da ya mulki ƙasar daga 2011 zuwa 2021 sunansa Mahamadou Issoufou, wato Mahamadu Isuhu kamar yadda ake faɗa a Tawa, kuma za ka ga Laouali da Chaibou da Ramatou a kan katin shaida. A Damagaram da Maraɗi Bahaushe yana rubuta sunansa yadda uwarsa ke faɗa; a Kano yana rubuta shi yadda Larabawa ke faɗa.

Daga gyara sai abin ya wuce zuwa ado. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980, finafinai, tashoshin tauraron ɗan'adam, daga baya kuma wayar hannu, duk sun buɗe wa iyaye kasuwar sunaye marar iyaka. Yanzu mai ciki tana neman suna a intanet tun kafin wata tara, kuma sharaɗin farko shi ne kada a samu mai irinsa a layin. Da yawa daga sababbin sunayen suna da ma'ana mai kyau, ba ni da ja a kansu. Amma akwai waɗanda aka ɗauko don daɗin amo kawai, ko don kalmar ta fito a cikin Alƙur'ani, ba tare da an tambayi malami abin da take nufi a inda ta fito ba. Kaka tana riƙe da jikanta a hannu ta kasa furta sunansa, tana tambaya a maimaita mata. Wannan ya kamata ya dame mu.

Abin da ya fi ci mini rai dai shi ne kunyar da aka ɗora wa tsofaffin sunayen. A yawancin finafinanmu da wasannin barkwanci, idan aka ce Tanko to baƙauye ne da za a yi wa dariya, idan aka ce Kande ko Talatu to 'yar aiki ce ko mai talla. Ɗan masu kuɗi kuwa sunansa na Larabawa ne. Yara suna kallo suna ɗauka. Na ga 'yan mata da suka shiga jami'a suka binne Indo da Lami a tashar mota, suka hana ƙawayensu sanin cewa haka ake kiransu a gida. Ba laifinsu ba ne, mu ne muka koya musu cewa sunan da kakarsu ta ba su alamar talauci ce. Al'ummar da ta mai da sunayen iyayenta abin zolaya ta yi wa kanta rauni a wurin da ba ta gani.

Takardun zamani kuma sun zo sun ƙulle ƙofar da ta rage. Tsarin da yana barin mutum ya zama Abubakar a masallaci, Garba a kasuwa, Baba a wurin uwarsa. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Tun da aka shigo da lambar BVN a bankuna a 2014, aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, aka kuma wajabta NIN ga masu rubuta jarrabawar JAMB daga 2021, mutane da yawa sun gane cewa Garba Audu na takardar firamare da Abubakar Abdullahi na katin ɗan ƙasa mutum biyu ne a idon hukuma. Tsofaffi masu neman fansho, maniyyata masu neman fasfo, ɗalibai masu neman gurbi, duk sun sha zaryar kotu don takardar rantsuwa da buga canjin suna a jarida. Iyayen yau sun koyi darasi: suna ɗaya, rubutu ɗaya, daga asibiti har kabari. Ba za a zarge su ba. Sai dai a lura cewa yawancin takardun nan suna da gurbin suna na tsakiya, kuma babu dokar da ta hana a rubuta Gambo ko Jummai a wurin.

Duk da haka buƙatar da ta haifi laƙabi ba ta mutu ba, kaya kawai ta sauya. Har yanzu ana mayar da sunan kaka, har yanzu uwa tana jin nauyin faɗinsa, sai dai maimakon Baba da Inna yanzu Khalifa ake cewa, ko Walid, ko Amira, ko Ummi, wasu gidajen ma Dadi da Mami. Matar da ba ta faɗin sunan miji yanzu Abban wance take cewa. 'Yan matan da suka ƙi Binta da Dije su ne suke rubuta Teema da Deeja a shafukansu na Facebook da Instagram. Gajartawar ce dai irin ta kakanninsu, sai dai an juya ta don ta yi kama da ta wasu. A kasuwa da tasha da majalisar unguwa kuwa masana'antar laƙabi tana aiki yadda ta saba. Wane mai shayi, wane mai taya, wane Dogo, wane Ɗan Borno. Haka aka yi wa Adamu Wayya, wanda iyayensa suka rasu yana ƙarami, ya zama Ɗanmaraya Jos har ya rasu a 2015. Haka aka jingina Alhassan na Bebeji ga Tata, matar da ta yi renonsa, sunan Ɗantata ya zama na zuri'a guda da ta shahara a kasuwancin Afirka ta Yamma. Wato kunnen Bahaushe bai daina son suna mai labari ba. A wurin jariri ne kawai muka daina amincewa da harshenmu.

Ba ina cewa a bar sunayen annabawa da sahabbai ba ne. Su ne sunan yanka tun asali, kuma su za su ci gaba da zama. Ba kuma ina cewa a tilasta wa kowa Cindo ko Talle ba. Roƙona ga masu haihuwa a yau shi ne a bar wa tsakar gida haƙƙinta. Idan an yanka rago an ce A'ishatu, a ƙyale kaka ta ce Indo, kada a gyara mata baki. Idan yaro ya biyo mata uku, a kira shi Tanko a gaya masa dalili. Masu shirya fim da marubuta littafi su ba likita suna Kande, su ba alƙali suna Ɗanlami, kamar yadda yake a zahiri a asibitoci da kotunanmu. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ake kira da irin waɗannan sunaye, je ka zauna ka tambayi yadda aka yi aka sa musu, ka rubuta ka ajiye wa 'ya'yanka tun masu amsar suna raye.